Neman shawara: ƙaramin amfilifaya mai batir na jita

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah ku taimaka min, na samu jita ta lantarki na hannu ina koyo, to unguwarmu wuta sai ta ga dama take zuwa, kuma in ba amfilifaya ko sauro ya fi jitar ƙara. Na jona ta da sifikar Bluetooth sautin ya fito siriri ba daɗi. Wane ƙarami mai batir zan saya wanda ba zai talauta ni ba? A ɗaki kawai zan riƙa kaɗawa, gidan haya ne.

Ɗan Agadas:
Wa alaikumussalam ƙanina. Nemi Roland Micro Cube ka huta. Batir AA shida yake ci kuma in batirin kirki ne yana kai wajen awa 20, sifikarsa inci 5 shi ya sa sautin ke da nauyi. Mu nan da shi muke fita bayan gari da dare a shimfiɗa tabarma a ɗora shayi a yi ta kaɗawa, kowa na ji sarai.

Mai gyaran rediyo:
Malam, sifikarka lafiyarta lau, ba don jita aka yi ta ba ne, abin da ke fitowa daga jita rauni gare shi sai an fara ɗaga shi tukuna. Kuma dan Allah kar ka sayi batirin nan masu arha na rimot, nan da nan suke mutuwa sannan in sun daɗe a ciki su yi ruwa su cinye ƙarfen. Sayi masu caji guda 12, shida na aiki shida na jira, in wuta ta zo ka cika su.

'Yar kwaya:
Yaya, ka duba Blackstar Fly 3 ma, wat 3 ne sifika inci 3, ya fi sauƙin kuɗi kuma yana da wajen jona waya ka bi kiɗa kana koyo. Boss Katana Mini ya fi su ƙarfi, wat 7, amma fa ya fi cin batir. Tunda gidan haya ne ni da Vox amPlug zan ce, a jikin jitar ake soka shi, batir AAA biyu, ka sa iyafis ba mai jinka ko da tsakar dare.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Ina son jin sautin a fili gaskiya, Cube ɗin zan nema na hannu. Me zan duba kafin in biya?

Mai gyaran rediyo:
Tafi da jitarka da batirinka. Buɗe gidan batir, in ka ga farin gari ko kore-kore a jikin sifirin ɗin ka bar musu abinsu. Murɗa kowane maɓalli a hankali ka ji ko yana ƙarƙar, ka girgiza wayar jitar a bakin ramin da ake soka ta ka ga ko sauti na yankewa. Kuma kar ka soka masa kowace adafta don bakinta ya shiga, karanta bolt ɗin da aka rubuta a jikinsa tukuna, yawancin waɗanda ake kawo min a ƙone abin da ya kashe su ke nan.