Aiki a hostal a madadin kuɗin kwana: in karɓa ko in haƙura?

Ɗan Debrecen: Assalamu alaikum. Ina karatu a Hangari da katin zama na ɗalibi. Wani hostal (masaukin matafiya mai araha) a Porto, ƙasar Fotugal, ya amsa min ta Worldpackers, manhajar da ke haɗa matafiya da masaukai masu neman 'yan aiki a madadin kuɗin kwana: wata ɗaya, awa 25 a mako, gado a ɗakin ma'aikata da karin kumallo, babu albashi. Aikin da suka rubuta shi ne "tarbar baƙi da taimakawa da yamma". Sun ba ni zuwa Lahadi. Yuro 400 ke hannuna bayan kuɗin jirgi. In karɓa?

Baban Ilham: Wa'alaikumussalam. Ka fara neman bizar Shengen tukuna, wato ta yankin ƙasashen Turai da ake zagayawa da biza ɗaya. Kuɗinta Yuro 90 tun Yunin 2024, sai inshorar lafiya ta aƙalla Yuro 30,000, da takardar banki, da shaidar inda za ka kwana.

Maryam Lizbon: Baban Ilham, yaron nan ai yana cikin Shengen ɗin. Ƙanena, katinka ya ba ka damar zagaya sauran ƙasashen kwana 90 a cikin kowane kwana 180, amma na ziyara kawai. Izinin aikin da ke tattare da shi na Hangari ne, bai bi ka Fotugal ba. Gado da abinci kuwa lada ne a idon hukuma ko da sisi bai shiga aljihunka ba, kuma hostal kasuwanci ne, ba ƙungiyar agaji ba. Mutane da yawa suna yi ba a kula su, wannan gaskiya ne. Amma ranar da masu binciken ƙwadago suka shigo, ɗan Jamus da ke shara tare da kai yana da 'yancin aiki a ko'ina cikin Tarayyar Turai, kai kuwa katin karatunka ne a kan siraɗi.

Sani Jakar Baya: Ni kalmar "da yamma" ɗin nan ce ta tsaya min. A yaren hostal ma'anarta ɗaya daga cikin uku: tsaron teburin baƙi, ko zuba giya a mashayar gidan, ko jan baƙi zagayen mashayu har ƙarfe biyu na dare. Ka tambaye su a rubuce, cikin manhajar, kada ka yarda a koma WhatsApp. Ka ce su turo jadawalin makon da ya wuce. Sannan mutum nawa ne a ɗakin ma'aikata, maza da mata a haɗe ne, akwai taga, akwai loka mai kulle? Ranakun hutu nawa ne, kuma a jere suke? Ka nemi Juma'a tun yanzu. Aikin da ya fi sauƙin sha'ani shi ne gyaran ɗakuna, daga 11 da baƙi ke fita zuwa 3 da sababbi ke shiga: cire zanin gado, shimfiɗa sabo, banɗaki, shara. Bayanka zai gaya maka saboda gadajen sama, amma da la'asar ka tashi.

Abu Hanif: Kada ka je. Abokin ɗakina ya yi irin wannan a wani gari da ba zan ambata ba. Awa 25 aka rubuta, da ya isa aka ce tsaron dare ne, 11 zuwa 7 na safe, dare huɗu. Ku lissafa, awa 32 ke nan, kuma suka ce daren ba a ƙirga shi cikakke tunda "zaune kake kawai". Zaman ya haɗa da goge aman mashaya da buɗe wa wanda ya yar da makullinsa ƙofa. Ɗakin ma'aikatan a ƙarƙashin ƙasa, mutum takwas, ba taga, da rana masu aikin safe na shige da fice, barci ya gagara. A mako na biyu kuɗin cizo suka yi masa zane a hannu, cizo uku-uku a jere. Da ya yi magana manajan ya ce shi ya kawo su a jakarsa. Daren nan aka ce ya kwashe kayansa, a watan Agusta, lokacin da ko gado ɗaya babu a garin. A tashar mota ya kwana biyu. Kuma bai rubuta musu mummunan sharhi ba, don su ma za su rubuta a kansa, wani masaukin ya ƙi ɗaukarsa. Shi ya sa duk inda ka duba taurari biyar ne reras.

Sani Jakar Baya: Allah ya kyauta. Amma kuɗin cizo ana ganewa tun ranar farko. Ɗaga katifa, haska fitilar waya a ɗinkin gefe da lungun katako, in ka ga ɗigo-ɗigo baƙi kamar na biro to suna nan. Jaka ba ta hawa gado. In sun kama kaya, wanki a zafin digiri 60 da injin busarwa. Sharhi kuwa, na baƙin da suka biya kuɗi za ka karanta a shafukan kama masauki irin su Hostelworld ko Booking, su ba sa tsoron kowa.

Abu Hanif: Malam Sani, fitilar waya ce za ta mayar da awa 32 zuwa 25?

Injiniya Bello: A yi lissafi. Gado a Porto da bazara Yuro 25, sau bakwai 175, a raba da awa 25, Yuro 7 ke nan a awa. Mafi ƙarancin albashin Fotugal a 2025 Yuro 870 ne a wata, wajen Yuro 5 a awa. Ba a cuce shi ba.

Maryam Lizbon: Injiniya, 25 a Yuli? Sai dai a Nuwamba. Ƙarshen mako yana haura 40. Amma lissafin ma a karkace yake, domin gadon ɗakin ma'aikata ba na sayarwa ba ne, babu baƙon da zai biya ko 10 a kansa. Kuma mai albashin nan sau 14 ake biyansa a shekara, ga hutu, ga inshora in ya zame a banɗaki.

Injiniya Bello: Ni 22 na gani da na duba jiya.

Ɗan Kurmi: Ikon Allah. Yaron da ko kofin shayinsa ba ya ɗaurayewa a gida zai je Turai wanke masai kyauta. In Hajiya ta ji labari, jirgin Kano za ta saya maka, akwai aiki a tsakar gida, har da tuwo sau biyu.

Baban Ilham: Wasa baya, maganar abinci fa? Karin kumallon nasu burodi ne da kofi. Yuro 400 a kwana 30 bai kai 14 a rana ba. Zai isa in kana girki, amma kicin ɗin na kowa ne, kaskon da za ka ɗauka yanzu aka soya naman alade a ciki. Sayi ƙaramar tukunyarka, ka rubuta suna a ledar abincinka, in ba haka ba firji zai cinye. Ka ware 120 da ba za ka taɓa ba, kuɗin kwana uku in abin ya ɓaci. Fasfo kuma su duba su rubuta, su miƙo maka abinka.

Abu Hanif: Masu ba da shawarar nan, wa ya taɓa yin tsaron dare a cikinku?

Maryam Lizbon: Kai ma ai labarin abokin ɗaki ka kawo mana.

Ummu Sadik: Ku da kuke ciki kuna ta musun Yuro uku. Mu nan sau biyu ana hana ƙanena biza, kowane karo 90 ɗin ta tafi, ga kuɗin cibiyar karɓar takardu, ga motar Abuja, ga masauki. Takarda guda suke miƙo maka da alama a akwati ɗaya, wai ba su gamsu zai dawo ba.

Ɗan Kurmi: Ƙanen naki ya nufi Kigali mana, ko Accra. Ruwanda ba ta karɓar kuɗin biza a hannun 'yan Afirka na kwana 30, Ghana kuwa kwana 90 da fasfon ECOWAS. Katin rigakafin shawara kawai zai riƙe.

Ummu Sadik: Ka duba kuɗin jirgin Kigali daga Kano tukuna ka dawo mu yi magana.

Ɗan Debrecen: Na gode ƙwarai. Na tambaye su jadawalin, sun amsa da cewa "muna tsarawa ne idan ka iso". Anti Maryam, wannan amsar haka kowa ke bayarwa?