Makunni a gaba ko a baya? Muhawara kan murhun gas da na lantarki

Maman Biyu: Assalamu alaikum jama'a. Ni dai magana ɗaya na tsaya a kai: gidan da ke da ƙananan yara, murhun lantarki mai makunnai a baya, can jikin bango, shi ne kwanciyar hankali. Na gas makunnansa a gaba suke, daidai tsayin yaron da ya fara tafiya. Ya murɗa, gas ya yi ta fita ba wanda ya sani. Akwai mai ja?

Anti Babba: Wa alaikumus salam. Ni ina ja, ƙanwata. Kin tsare yaro, kin manta da mai girkin. Tukunya na tafasa a kan gaba, mai na tartsatsi a kasko ta baya, abu ya fara tumbatsa. Ta ina za ki kai hannu ki rage wuta? Dole ta saman tururin nan. Na ga hannun da tururi ya ƙona daga wuyan hannu zuwa gwiwar hannu a haka, fatar ta yi bororo kafin a kawo ruwan sanyi. Kuma lokacin da kika fi buƙatar kashe murhu, wato sa'ad da mai ya kama da wuta, shi ne lokacin da makunnin ke bayan wutar.

Maman Biyu: Anti, babba yana da hankalin kauce wa tururi. Ɗan shekara 2 fa?

Mai Gyara: Hajiya, bari in sa baki, aikina ne. Ba da ka aka sa makunnin gas a gaba ba. Harshen wuta ne a buɗe, in aka ce ki miƙa hannu ta samansa, hannun riga mai faɗi zai kama. Abin da nake duba wa mutane biyu ne. Makunnin sai an danna shi ciki kafin ya murɗu? Sannan ki leƙa gefen kan murhun, kusa da inda wuta ke fita, za ki ga ɗan tsinken ƙarfe a tsaye ban da mai ƙyasta wuta. Shi ke jin zafi. In wuta ta mutu, ya huce, cikin daƙiƙoƙi sai ya datse gas. Murhun da ke da shi, ko yaro ya murɗa ya saki, gas ba zai ci gaba da zuba ba. Wanda ba shi da shi kuwa, tsoronki gaskiya ne, domin gas ɗin tukunya ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya. Warin da kike ji ma ƙara masa aka yi da gangan don hanci ya kama yoyo.

Injiniya: Malam ya yi gaskiya, amma kada mu raina maganar Maman Biyu. A watan Agusta na 2024 hukumar kare masu sayen kaya ta Amurka ta sanar da kiranyen murhunan Samsung fiye da miliyan 1, wato gargaɗin cewa suna da haɗari sai an gyara, saboda makunnan gaba da mutum ko dabbar gida ke iya kunnawa da ɗan gogawa kawai. An danganta gobara kusan 250 da su. A Fabrairun 2025 aka yi irinsa ga murhunan LG kusan 500,000. Ku lura, dukansu na lantarki ne. Ashe ba gas ne mai laifi ba, makunni ne mai saurin murɗuwa. A wancan gefen kuma, ƙa'idar gini ta masu buƙata ta musamman a Amurka ta ce kada a sa makunni inda sai an tsallake kan murhu da hannu. Mai zaune a keken guragu da wuya ya kai hannu baya.

Maman Biyu: To ai ka ƙara mini hujja, Injiniya. Makunnin gaba ne ya jawo gobarar.

Injiniya: Makunnin gaba marar kulle. Maganin da aka bai wa masu Samsung ɗin makulli ne ko murfin da ake sa wa makunni, ba mayar da shi baya ba.

Amarya: Ni tawa damuwar daban. Makunnai huɗu a jere, kawuna huɗu biyu gaba biyu baya. Wane ne na wane? Ɗan zanen da ke gefe ya goge da wanki. A gas ka gani nan take ka kunna wanda ba shi ba. A lantarki sai ka ji ƙaurin roba, ashe murfin da ka ajiye a baya ne ke narkewa.

Injiniya: Tsohuwar matsala ce. Tun 1959 wasu masu bincike biyu, Chapanis da Lindenbaum, suka gwada tsari huɗu na murhu. Wanda aka ɗan gusar da kawunan baya gefe, kowane kai ya yi daidai da makunninsa, shi ne ba a yi kuskure ko ɗaya a kansa ba. Har yau yawancin masu ƙerawa jere suke yi.

Anti Babba: Ga abin da ya sa ba na barin gas ke nan. Wuta ina ganinta da idona. Na rage, ta ragu yanzu yanzu. Na lantarki mai zoben ƙarfe ko mai gilashi, ka kashe shi yana nan da zafinsa, abinci na ci gaba da kamawa a gindin tukunya. Yaron da kike tsoro ya taɓa makunni, shi ne zai ɗora tafin hannu a gilashin da ya yi baƙi kamar ya huce. Ga ɗauke wuta, girki ya tsaya a rabi.

Maman Biyu: Iskar da kike shaƙa fa, Anti? Wutar gas tana fitar da iskar da ke fusata huhu, masu asma sun fi kowa sani. Ba ta da hayaƙin da ido ke gani, shi ya sa ake raina ta. Wa ke buɗe taga ko kunna fankar zuƙe hayaƙi kullum in zai kunna murhu?

Mai Gyara: Wannan kam ba musu. In kuma kika ga wutar ta koma ruwan ɗorawa maimakon shuɗiya, tana baƙanta gindin tukunya, ba ta ci daidai. Ramukan kan sun toshe ko iska ba ta shiga yadda ya kamata, kuma a nan iskar nan mai kisa marar wari, wato kabon monoksaid, ke ƙaruwa. A kashe a wanke kan, ko a kira mai gyara.

Injiniya: Asarar zafi ma akwai. A gas, kashi 30 zuwa 40 cikin 100 ne kawai ke shiga tukunya, saura ya bi gefe ya dumama kicin. Na lantarki na yau da kullum kusan 75. Na maganaɗisu, wanda ake kira indokshan, kusan 85, kuma yana amsa ragi da ƙari nan take kamar gas, domin tukunyar ce da kanta ke zafi. Ka ɗauke ta, ya daina aiki. Yawancinsu da taɓawa ake sarrafa su, da kullen yara.

Anti Babba: Sai dai tukwanena na alminiyam duk su tashi aiki.

Injiniya: Haka ne, Anti. Ki ɗora maganaɗisu a gindin tukunya, in ya manne za ta yi, in ya faɗi ba za ta yi ba.

Maman Biyu: Na ji batun tururi, kuma yana da nauyi. Amma har yarana su yi wayo, murhun da zan yarda makunninsa ya zauna a gaba sai mai kulle. Malam, na gas ɗin da ake da shi a gida, marar tsinken nan, ana iya ƙara masa?

Mai Gyara: Ba na ba da shawara, Hajiya, bawul ɗin kowane kai ne sai an canza. Ki sa murfin makunni, ko ki zare makunnan ki ajiye a sama in kin gama girki, yawancinsu da ja suke fita. Sannan ki rufe gas ɗin daga kan tukunyarsa.