Abin da aka tattauna kan tarihin mallakar Rancho San Pedro

1. Kowa ya amince cewa Gwamna Pedro Fages, mai mulkin Kalifoniya a madadin Sifen, ne ya bai wa tsohon soja Juan José Domínguez wannan filin kiwo a kudancin Kalifoniya a 1784. Da yawa sun ba da shawarar kada a ɗauki takardar a matsayin cikakkiyar shaidar mallaka, domin izinin kiwo ce, ƙasar kuma ta ci gaba da zama ta Sarkin Sifen.

2. Bayan rasuwar Juan José a 1809 ne al'amarin ya rikice. Wanda aka bar wa kula da dukiyar, Manuel Gutiérrez, ya bar iyalan Sepúlveda suna kiwo a yammacin filin, kuma wannan sassauci ya jawo doguwar shari'a da ta kai ga yanke wa iyalan Sepúlveda yankin Palos Verdes daga cikin filin. A nan ra'ayi ya rabu: wasu na ganin an ci amanar magada, wasu kuwa na cewa sakacin barin filin ba tare da mai shi ba ne ya jawo asarar.

3. An yi ittifaƙi cewa mai bincike ya fara da bayanan hukumar filaye da Amurka ta kafa a 1851 bayan Kalifoniya ta koma ƙarƙashinta, domin ta hanyarta Manuel Domínguez, ɗaya daga cikin magada daga dangin Juan José, ya sami takardar mallaka a 1858.

4. Wasu sun nace, kuma da gaskiyarsu, cewa mutanen Tongva na zaune a wurin tun kafin zuwan Sifaniyawa, amma takardun rabon ba su ba su ko taku ɗaya ba.