Agogon da ke ƙirga bugun zuciya: wa ke ganin bayananmu?

Mai tambaya:
Salamu alaikum 'yan uwa. Baba yana fama da hawan jini, sai na saya masa agogon nan mai auna bugun zuciya da barci. Da na zo haɗa shi da waya, manhajar ta ƙi buɗewa sai na ba ta izinin ganin lambobin waya da inda mutum yake. Ga dogon rubutun sharuɗɗa da Turanci, ban karanta ba na danna amincewa. Tun ranar abin ke cina a rai: jikin Baba ne, amma ni na amince, ko tambayarsa ban yi ba. Akwai wanda hakan ta taɓa faruwa da shi?

Maman 'yan biyu:
Wa alaikumussalam. Ni maigida ya saya min, da wayarsa aka haɗa don tawa ta cika. Wata safiya yana shan koko ya ce, "Jiya har ƙarfe uku idonki biyu, lafiya?" Wallahi jikina sai ya yi sanyi. Ba ɓoye masa wani abu nake ba, amma har kwanakin al'adata suna ciki. Da na yi masa magana ya fahimta, a ranar muka mayar da shi wayata.

Mai gyaran waya:
Ana kawo min na hannu in sayar, in tarar da nauyin mai shi da shekarunsa da saƙonninsa duk suna nan. Ku riƙa goge komai kafin ku rabu da shi.

Ɗalibar lauya:
Malam, kana da gaskiya da ka damu. Dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ta sa bayanan lafiya cikin masu buƙatar kariya ta musamman, kuma mutum na da damar janye amincewarsa ko ya nemi a goge. Ko Google da zai sayi Fitbit, kamfanin da ke ƙera irin waɗannan agogunan, kan dala biliyan 2.1, sai da Tarayyar Turai ta gindaya masa sharaɗin kada ya yi talla da bayanan lafiyar mutanenta har shekara 10. A 2018 kuma taswirar Strava, wata manhajar bibiyar motsa jiki, ta tona sansanonin sojan Amurka a Afganistan da Siriya, daga gudun motsa jikin sojojin kawai.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai. Bayan isha'i na zauna na yi wa Baba bayani da Hausa. Ya ce bugun zuciya a bar shi, likita zai so gani, amma inda yake zuwa ba ruwan kowa. A gabansa na kashe wannan izinin.