Yaya zan yi sallama da asibitin da na yi aikin sa kai a Gadarif?

Ma'aikaciyar jinya daga Katsina ta rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san Sudan, musamman 'yan'uwanmu Hausawan Gadarif. Na zo aikin sa kai a wani asibiti da ke jihar, a ɗakin masu fama da cutar kala-azar, wadda ke kawo dogon zazzaɓi da kumburin saifa, kuma wa'adina ya kusa cika. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, maganin da ake yi wa yawancinsu allurai ne iri biyu na kwana 17 a jere, saboda haka duk ranar da na tashi akwai waɗanda zan bari a tsakiyar magani. A cikinsu akwai wani yaro da aka kawo da kumburarriyar saifa, wanda kakarsa ba ta sakin jiki da kowa sai ni, domin da Hausa nake yi mata bayani, kuma ita ce take danne masa ƙafa idan na zo da allura. Shin in sanar da su ranar tafiyata tun yanzu, ko in bari sai ta zo? Me kuma ya dace in yi wa abokan aikina, waɗanda suka ciyar da ni a gidajensu alhali su kansu suna cikin matsi?

Wani dattijo mazaunin Gadarif ya amsa:

Wa alaikumus salam, 'yata, Allah ya saka miki da alheri. Ki sanar da su tun yanzu. A wurinmu babban abin kunya ne mutum ya ci abinci tare da jama'a a faranti ɗaya, sa'an nan a wayi gari a ji cewa ya tafi, kuma wannan tsohuwa za ta ɗauka wani laifi ta yi miki. Kakanninmu da suka baro ƙasar Hausa bayan yaƙin Burmi na 1903, har aka kafa garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu, da waɗanda suka taso da ƙafa da niyyar Makka suka yada zango a nan, ba su bar mana al'adar tafiya a ɓoye ba. Matafiyi yana bin mutane ɗaya bayan ɗaya yana neman gafara, a yafe masa, shi ma ya yafe, a yi masa addu'a.

Ki fara da waɗanda ake mantawa, wato masu shara, da mai gadi, da matar da take dafa shayi da jabana, wato kofin Sudan, a ƙofar asibiti. Game da abokan aiki kuwa, kada ki ware mutum ɗaya ki ba shi kyauta a gaban sauran. Ki sayi sukari da ganyen shayi da dabino, ki sa a yi abincin hantsi na kowa da kowa, ku zauna ku ci tare. Idan suka kawo miki riɗi ko gyaɗa a matsayin guzuri, ki karɓa da hannu biyu ko da jakarki ta cika, domin mayar da shi ya fi rashin sallamar ciwo.

Wani likitan yara da ya taɓa aiki a yankin ya amsa:

Sista, abin da Baba ya faɗa daidai ne, amma ni ta wajen aiki zan duba lamarin, domin a ganina sallamar da za ta amfani yaron nan a katinsa take. Ki tabbatar an rubuta ranar da ya fara allura, da nauyinsa, da girman saifarsa lokacin da aka kwantar da shi, da duk wani canji da kika lura da shi, musamman a jinsa, tunda paromomycin, ɗaya daga cikin allurai biyun, yakan taɓa kunne, ɗaya maganin kuma yakan taɓa zuciya. Sa'an nan ki zaɓi wadda za ta gaje ki a kansa, ki riƙa zuwa da ita tun yanzu, ita ta yi allurar ke kina tsaye, har kakar ta saba da hannunta. Idan ba ta jin Hausa, ki nemi wani daga masu jinya a ɗakin ya riƙa fassara; a Gadarif wannan ba ya wuya.

Akwai maganar da sai da Hausa za ta shiga kunnen tsohuwar, kuma ke kaɗai za ki iya yi mata ita kafin ki tafi. Zazzaɓi yakan sauka kafin allurai su ƙare, iyaye su ga yaro ya fara cin abinci su nemi komawa gida, balle idan lokacin girbin dawa ne. Ki gaya mata dole a cika kwanakin, kuma idan zazzaɓin ya dawo cikin watannin da ke tafe, ko ƙuraje suka feso masa a fuska, abin da yake faruwa sosai ga waɗanda suka warke a Sudan, ta maido shi. Ki kuma ja kunnenta kan kwana a waje ba gidan sauro, domin ƙaramin ƙudan da ke yaɗa cutar da dare yake cizo, kuma yana son dajin aduwa da baƙar ƙasa mai tsagewa irin ta bakin kogin Atbara da Rahad.

Abu na ƙarshe, kada ki ce za ki dawo idan ba ki da tabbas. Alkawari kaya ne, kuma tun da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023, shiga ƙasar ba a hannun mai niyya kaɗai yake ba.

Wata malamar makaranta daga Kassala ta amsa:

Yaya, ni kan lambar waya zan yi magana. Wasu za su ce kada ki ba kowa, amma ban yarda da hakan ba, domin mutanen da suka rasa gidajensu a Khartum da Wad Madani sun gaji da masu zuwa su wuce ba a sake jin ɗuriyarsu. Ki ba abokan aikinki, sai dai ki sani za a riƙa neman ki turo taimako ta Bankak, manhajar tura kuɗi ta waya, don haka ki faɗi iyakar ƙarfinki tun kina nan. Hoton marasa lafiya kuma, ko sun yarda, ina roƙonki kada ya hau Facebook.

Ma'aikaciyar jinya daga Katsina ta sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Baba, da Dakta, da ke ƙanwata. Yau da safe na gaya wa kakar, ta yi shiru na ɗan lokaci, sa'an nan ta tambaye ni wace ce za ta riƙa yi masa allura, na kuwa kira mata ita suka gaisa. Saura tambaya ɗaya ga Baba: tunda ta Kassala zan bi zuwa Port Sudan, kuma motar da sassafe take tashi, shin ya wadatar in yi sallamar da yamma, ko sai na sake leƙawa ɗakin kafin in wuce tasha?