Zaman dindindin a Kanada: in sayar da fili ko in dakata?

Baban Khalifa: Assalamu alaikum. Injiniyan lantarki ne ni, shekarata 36, shekara 9 ina aiki, mata ɗaya, yara uku. Na samu 6 a kowane ɓangare na IELTS, jarrabawar Turanci. Express Entry nake son shiga, wato tsarin Kanada na bai wa ƙwararrun ma'aikata zaman dindindin, amma kuɗin da ake nunawa a banki sai na sayar da filina na Zangon Shanu a Zariya. Waɗanda suka bi hanyar nan, in sayar ko in dakata?

Ɗan Kwangila: Yallaɓai ka nemi Ingila kawai, aikin kula da tsofaffi.

Sista Hanwa: Tun Yulin 2025 aka rufe ɗaukar masu wannan aikin daga waje. Kuma Kanada ya tambaya.

Maman Ilham: Ɗan uwa, ka riƙe filinka. Maigidana wani ejan ya samu a Kaduna, ofis har da na'urar sanyaya ɗaki. Ya ce miliyan 4 da rabi, takardar ɗaukar aiki za ta zo daga Kanada. Muka sayar da mota, na haɗa da sarƙata ta gado. Takarda ta zo, hatimi da komai, ashe kamfanin ma babu shi. Da muka koma, shagon sayar da labule muka tarar a wurin. Shekara biyu ke nan, har yau surukata gani take ni na zuga shi.

Baban Khalifa: Innalillahi. Allah Ya mayar da alheri, Hajiya. Ni da kaina zan cike.

Maman Ilham: Shi ma haka ya ce da farko.

Bazazzagin Kalgari: Injiniya, 6 ɗinka ta kai ƙa'ida, saura ka haɗa maki 67 cikin 100 na shiga layi. Amma shiga layi daban, gayyata daban. A lissafin gayyata, makin shekaru yana fara zubewa daga 30, a 45 ya ƙare. Sake jarrabawar, ka nemi 8 a saurare, 7 a sauran ukun. Kada ka taɓa fili tukuna, amma ka sani takardar fili ba ta tsayawa a madadin kuɗi, bashi ma ba ya shiga, kuma suna duba yadda asusun ya kasance wata shida baya.

Ɗan Kwangila: Kai da bizar karatu ka tafi, ina ka san wahalar mai nema daga Zariya?

Bazazzagin Kalgari: Kai fa, ko Abuja ka taɓa kwana?

Baban Khalifa: Nawa ake sake jarrabawar yanzu? Tawa ofis suka biya.

Ɗan Kwangila: Dubu 90.

Sista Hanwa: A wane zamanin? Ni sai da na biya kusan dubu 300. Kuma sakamakon shekara biyu yake yi ya mutu.

Bakano Mai Shago: Zazzagawa da sanyin Samaru ke hana ku sallar asuba a masallaci, ku ne za ku Kanada?

Sista Hanwa: Ku bar wasa. Kafin maganar fili, WES, masu tantance takardun karatu don Kanada, sun tantance maka digiri? Ni makarantar da na gama, ba zan kira suna ba, wata 11 ina bin takardar sakamakona su tura. Yau an ce mai sa hannu ya tafi ta'aziyya, gobe an ce babu intanet.

Malam Tukur-Tukur: Wata 11 ai kin yi sa'a. Nawa fayil ɗin cewa aka yi gara ta ci.

Baban Khalifa: To filin fa, jama'a?

Malam Tukur-Tukur: Sista, wa kika gani a ofishin har aka tura naki? Ki turo min ta akwatin saƙo.