Dodanni ko Dodawa? Neman sunan Hausa ga Oni na Japan

1/
Assalamu alaikum 'yan uwa marubuta da masu fassara. Wata uku ke nan ina fama da kalma ɗaya, yau dai na ce bari in baje ta a faifai. Ina rubuta wani ƙagaggen labari da na gina duniyarsa a kan almarar Japanawa: tsaunukansu, gidajen katako, giyar shinkafa, da halittun nan da suke kira Oni. A labarina Oni al'umma ce sukutum, mai garuruwa da maƙera da sarauta da auratayya da maƙabarta. To, me za mu kira su da Hausa?

2/
Ga wanda bai san shi ba: Oni ƙato ne mai ƙaho, wani ɗaya wani biyu, fatarsa ja ko shuɗiya, haƙora zaƙo-zaƙo, yana ɗaure da warkin fatar damisa mai zane-zane, a hannunsa kulkin ƙarfe mai ƙusoshi da ake kira kanabo. Bayanin da aka fi yi game da wannan siffa shi ne, a tsohon lissafinsu ana raba kusurwoyin duniya da sunayen dabbobi 12, kuma arewa maso gabas ta faɗo tsakanin sa da damisa. Ita ce kusurwar da suke kira kimon, wato ƙofar Oni, ta inda sharri ke shigowa. Sai aka ba shi ƙahon sa da fatar damisa. Har yau ana cewa wurin ibadar Enryakuji da ke kan Dutsen Hiei, arewa maso gabas da Kiyoto, tsohon babban birnin Japan, shi ke tsare wa birnin wannan ƙofa.

3/
Ga inda na cije. Akwai wani wuri a babi na huɗu: wata mace daga cikinsu tana zuga wuta a maƙera, jaririnta na goye ya farka yana kuka, ta ajiye zuga-zugi, ta kwanto shi, ta shafa ɗan tsiron ƙahonsa da bai gama hudo fata ba, ta ba shi nono. Na rubuta "dodanniyar ta kwanto ɗanta". Da na karanta wa 'yar yayata, yarinya mai shekara 11, sai ta ɗago kai ta ce, "Kawu, cinye shi za ta yi?" Nan jikina ya yi sanyi. Duk tausayin da na zuba a shafin, kalma ɗaya ta kwashe shi.

4/
Na fara da aljani, don shi ne ya fi saurin zuwa baki. Akwai ma abin da ya ja ni: wani ƙamus na Japan da aka rubuta wajen shekarun 930, Wamyo Ruijusho, ya danganta sunan Oni da kalmar da ke nufin ɓuya, abin da ba ya son a gan shi. Mu kuma muna sakaya sunan aljanu mu ce mutanen ɓoye. Na ce faɗuwa ta zo daidai da zama. Amma da na kwana na tashi sai na janye. Aljani a wurinmu halitta ce ta gaskiya, da sura guda a Alƙur'ani mai sunansa, kuma bakin rijiya ba wurin wasan makaho ba ne. Ba zan ƙaga wa aljanu sarauta da addini da tarihi daga kaina ba. Bayan haka, Oni na labarina yana da tsoka da jini, yana jin yunwa, ana sare masa hannu. A almararsu ma wani jarumi, Watanabe no Tsuna, ya datse hannun Oni mai suna Ibaraki-doji, shi kuwa ya dawo cikin siffar tsohuwa ya karɓe hannunsa.

Da wannan dalili na ajiye ifiritu da iska da rauhani. Fatalwa kuma ta mamaci ce, ko da yake harafin da Japanawa ke rubuta Oni da shi a Sinanci kurwar matacce yake nufi.

5/
Wani malamina ya ce mini, "Ai kana da Samudawa." Na ji daɗin shawarar, don Bahaushe yana kiran ƙaton mutum basamude, kuma kalmar ta zo da jam'inta na al'umma a shirye. Sai dai Samudawa mutanen Annabi Salihu ne, waɗanda suka sassaƙa gidaje a duwatsu aka kuma halaka su. Suna da nasu labarin, ba na aro ba ne. Ƙattai kuwa girman jiki kawai take nunawa, ɗan dambe ma ƙato ne.

6/
To me zai hana a bar Oni yadda yake, a yi masa ɗafi irin namu: Ba'oni, Ba'oniya, Oniyawa? Na yi sati biyu ina amfani da ita. Abu biyu suka kashe ta. Na farko, Ba'oni yana sarƙewa a maƙogwaro, ka gwada faɗinsa sau uku a jere. Na biyu ya fi nauyi: a kunnen ɗan Najeriya, Oni sarautar Ife ce, Ooni, babban basaraken Yarabawa, kuma akwai iyalan Yarabawa masu wannan suna. In ka rubuta cewa Oniyawa masu ƙaho ne da ake zargi da cin mutane, wani zai karanta rabin layi ya ɗauka ƙabilanci kake yi. Ba na son labarina ya jawo wa maƙwabta ɓacin ran da ban nufa ba.

7/
Haka na dawo kan dodo, kalmar da na guda tun farko. Kuma in za a faɗi gaskiya, babu wadda ta kai ta dacewa da Oni na tatsuniya. Dodon da kakata ke ba mu labarinsa a tsakar gida yana da gida, yana da mata, yana aro siffar kyakkyawan saurayi ya auri yarinyar da ta raina samari, yana haɗiye mutane da shanu, a ƙarshe kuma ƙaramin mai wayo ne ke ganin bayansa. Oni ma haka. Labarin da kowane yaro Bajapane ya sani shi ne na Momotaro, wanda ya tafi tsibirin Oni da kare da biri da wani tsuntsu mai kama da zabo, ya ci su da yaƙi ya kwaso dukiya.

Har ma'ana ta biyu sun yi tarayya. Muna kiran mutumin da ya rufe jikinsa ya sa fuskar tsoro a bukin gargajiya dodo. A yankin Oga na jihar Akita, daren 31 ga Disamba, maza kan sa fuskoki masu ƙaho da rigunan ciyawa su shiga gida-gida suna ruri, suna tambayar ko akwai yaro mai kuka ko malalaci, mai gida ya tarbe su da abinci da giya. Namahage ake ce musu, mutanen wurin suna ɗaukarsu baƙi masu kawo albarka, kuma a 2018 UNESCO ta sa al'adar cikin jerinta na al'adun gargajiya da ɗan Adam ya gada. Duk Bahaushen da ya ga hotonsu zai ce ga dodanni.

8/
Matsalar ashe ba a jikin dodo take ba, a jam'insa take. Dodanni tarin abin tsoro ne, kamar ka ce kuraye. Ba su da gari, ba su da kaka, ba wanda ke tambayar ra'ayinsu. Hausa kuwa tana da hanyarta ta mai da suna al'umma: Ba- a gaba ga mutum ɗaya, -awa a baya ga jama'a. Bakatsine, Katsinawa. Bagobiri, Gobirawa. Balarabe, Larabawa. Da zarar ka ji -awa, ka san akwai ƙasa, akwai harshe, akwai wanda za a je wa gaisuwar mutuwa.

Don haka ga abin da nake kawowa gabanku:
namiji Badode, mace Badodiya, jama'a Dodawa, harshensu da ɗabi'arsu Dodanci.

Wani zai ce me ya sa ba Badoje ba, tunda d kan koma j a irin wannan wuri, kamar gudu da guje. Na bi sawun Basamude ne, wanda ya riƙe d ɗinsa, kuma ina son a riƙa jin dodo a cikin sunan.

9/
Abin da ya sa na dage a kan haka shi ne, su kansu Japanawa sun daɗe suna jin wannan ja-in-ja a labaransu. Mu ɗauki Shuten-doji, sarkin Oni na Dutsen Oe, wanda aka ce yana sace 'yan matan manyan Kiyoto. Aka tura masa Minamoto no Raiko, jarumin da ya rayu da gaske ya rasu a 1021. Raiko da mutanensa suka yi shigar masu ibadar tsauni, Shuten-doji ya karɓe su baƙunci, suka ɗura masa giya mai kashe jiki, ya yi barci suka fille masa kai. A wasu ruwayoyin, kafin ya cika sai da ya yi musu gori cewa Oni ba sa yin ha'inci. Wannan magana ta daɗe tana yi mini yawo a kai. Mai masauki ne aka ci amanarsa, kuma masu ba da labarin, jikokin waɗanda suka yi nasara, ba su iya share ta ba.

A jihar Okayama akwai Ura, Oni da aka ce ya ƙetaro daga Koriya, ana danganta shi da fasahar ƙarfe, ɗan sarki Kibitsuhiko ya kashe shi. Masana da dama suna ganin sunan Oni an sha liƙa shi ga baƙi, da mutanen tsauni, da masu haƙar ma'adinai, da duk wanda ya ƙi bin fada. A Yaƙin Duniya na Biyu ma farfagandar Japan ta siffanta Amurkawa da Turawan Ingila da Oni.

Sai kuma wanda ya fi taɓa ni. An ce En no Gyoja, mai ibadar tsauni na ƙarni na 7, yana da hadimai biyu Oni, miji da mata, Zenki da Goki, suka haifi 'ya'ya biyar. A ƙauyen Shimokitayama na jihar Nara akwai unguwa mai suna Zenki, kuma har yanzu akwai gidan da ke lissafa asalinsa daga waɗannan biyun, suna kula da masaukin masu ziyara. Mutane ne masu rai da suke cewa kakanninmu Oni ne, ba tare da jin kunya ba. Yaya za ka kira zuri'a irin wannan dodanni?

10/
Bukin Setsubun, wanda yawanci yake faɗowa 3 ga Fabrairu, uba kan sa fuskar Oni, yara su jefe shi da soyayyen waken suya suna cewa Oni waje, sa'a ciki. Amma a wurin ibadar Kinpusenji da ke Yoshino cewa suke yi sa'a ciki, Oni ma ciki. Suna buɗe wa waɗanda aka koro daga ko'ina ƙofa. A labarina akwai gari ɗaya tak na mutane da ke yin haka, kuma Dodawa suke cewa.

11/
Wannan ne ribar da ban zata ba. Yanzu kalmomin biyu duk suna aiki a littafin. Sojan sarki da ya zo ƙona ƙauye cewa yake yi "dodannin nan". Ɗan kasuwar da ke sayen garma a wurinsu shekara ashirin cewa yake yi "Dodawan Tsauni". Mai karatu Bahaushe ba ya bukatar in gaya masa wane ne maƙiyi, kunnensa zai gaya masa. Turawa da suka ɗora wa Oni kalmarsu ta ogre sai sun yi dogon bayani kafin su raba waɗannan biyun.

12/
Wata 'yar uwa marubuciya ta yi mini gyara biyu. Ta ce Dodawa ta yi kusa da daddawa, yara za su yi dariya. Na saurara da kyau, wasalin farko ya raba su, kuma a cikin jimla ba sa haɗuwa. Ta kuma ce sunan ya ɓoye asalin abin, mai karatu ba zai san daga Japan aka ɗauko ba. Wannan kam gaskiyarta, hakkin masu abu ne a ambace su. Shawarata: in ana bayanin al'adar Japan kanta, a makala ko fassara, a rubuta Oni, a bi shi da "dodon almarar Japan" a karon farko. In kuwa an mai da su jinsi a ƙagaggiyar duniya, a labari ko wasan kwamfuta ko zane, a ce Dodawa, inda ake da irinsu da yawa a ce Dodawan Oni don a bambanta su.

13/
Jiya na sake karanta wa 'yar yayata shafin nan. "Badodiyar ta ajiye zuga-zugi, ta kwanto ɗanta, ta shafa tsiron ƙahonsa." Ta yi shiru kaɗan, sannan ta ce, "Kawu, in ƙahon zai fito yana yi masa zafi kamar haƙori?" Ban taɓa tunanin wannan ba. Na ɗauki biro na rubuta a gefen takarda cewa Dodawa suna da maganin tsiron ƙaho, kaka ce ke haɗa shi, kuma akwai waƙar da ake rera wa yaro a daren.